Ƙarfen da Na Cire daga Motar Baba Habibu

Shekara goma sha huɗu na yi ina gyaran mota a Kano kafin in zo London, kuma a duk shekarun nan ba wanda ya taɓa kawo mini mota ya ce hitarta, mai ɗumama cikin mota, ba ta aiki. Wa zai kawo? Mu a can sanyi ake nema a cikin mota. Ban fara da wannan don in wanke kaina ba. Ina so ne a san inda jahilcina ya tsaya da inda ƙaryata ta fara, domin abu biyu ne daban, kuma na biyun ne yake sa ni sunkuyar da kai har yau.

Sunana Sanusi. Da bizar aikin kula da tsofaffi na shigo ƙasar nan, ta hannun wani dillali da ya rantse mini aiki yana jirana. Da na nemi adireshin kamfanin a Stratford, sai na tarar da ƙofa a kulle a saman wani shagon aski, wasiƙu sun taru a ƙarƙashinta. Mai askin ya dube ni, ya dubi takardar da ke hannuna, ya ce ni ne na uku a satin. Wayar dillalin kuwa tun daga ranar ba ta sake shiga ba.

Wata uku na yi a Stratford, mu huɗu a ɗaki ɗaya, ba wanda yake jin yaren wani. Wani lokaci in samu wankin mota na yini, wani lokaci in wuni a cikin babbar kasuwar nan mai rufi ina kallon mutane suna hawa da sauka. A nan nake kiran matata Rabi, in tsaya inda fitilu suka fi kyau a bayana, in ce mata aiki ne ya yi yawa. Ita kuma ta ce in riƙa hutawa. Idan na kashe wayar sai in daɗe a zaune kafin in iya miƙewa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na ga wani dattijo a cikin tsohuwar mota ja yana ta murza makulli tana ƙin tashi. Na ƙwanƙwasa gilashi na ce ya buɗe bonet. Kan batir ne ya kwance. Na ɗaure shi, mota ta tashi, na ce "Alhamdu lillahi, ta tashi" ƙasa-ƙasa. Sai na ji ya ce, "Kai, ɗan wace unguwa ne?"

Muryar ce ta fara kama ni. Ita ce na taso ina ji a rediyon mahaifina. Baba Habibu ya yi fiye da shekara talatin yana aikin jarida a London, ya yi ritaya, ƙoda ta kama shi. Sau uku a sati ake yi masa wankin ƙoda a asibiti, kuma idan an gama ba ya iya tuƙi. Matarsa Hajiya Binta ba ta tuƙi, 'ya'yansu duk suna wasu garuruwan. Ya saurari labarina a tsaye a bakin titi har na kai ƙarshe. Kafin sati ya zagayo ina kwana a ƙaramin ɗakin gidansu a Dagenham, ya sa sunana a inshorar motar, ni nake kai shi asibiti Litinin da Laraba da Juma'a.

Ranar farko da Hajiya ta ajiye mini tuwo da miyar kuka, sai da na shiga banɗaki na wanke fuskata kafin in iya ci.

A watan Yuli aka yi wani zafi da Turawa suka yi ta kuka da shi. Muna cikin cunkoso, allurar da ke nuna zafin inji ta haura har ja. Na samu gefe na tsaya, muka jira ta huce, muka lallaɓa gida. Da yamma na kwance inda tiyon sama yake shiga inji na zaro tamostat. Wani ɗan ƙarfe ne mai sifirin, bai kai tafin hannu ba, yana tsare ruwan inji kada ya wuce lagireto sai ya yi zafi. A garejinmu da zarar mota ta shigo daga waje shi muke fara cirewa. Maigidana da ya koya mini aiki cewa yake yi kayan ƙasar sanyi ne, ba abin da yake jawowa sai wahala. Na cire ɗaruruwa da hannuna. Na cire wannan ma, na jefa a shara, na mayar da murfi. Ko a raina bai zo ba cewa yanzu a ƙasar sanyin nake.

Allura ba ta sake haurawa ba. Baba ya yi ta ba baƙi labari, ya ce Allah ya kawo masa bakanike har cikin gida. Ya tambaye ni me na yi mata, na ce ɗan sirrin sana'a ne. Muka yi dariya.

A watan Oktoba lokacin gwajin shekara ya yi, wanda suke kira MOT. Hajiya ta ce a kai motar wurin Masta Isaka a Tottenham ya yi mata sabis kafin gwajin, kamar yadda suka saba. Masta Isaka mutumin zangon Kumasi ne, ya kai shekara ashirin yana duba musu mota. Na kai, amma raina bai so ba. Ga ni a gida, a ce sai an tsallaka gari an kai wa wani? Ya sauya mai, ya sauya ruwan lagireto, ya ba ni shayi, ya yi ta jana da hira da Hausarsa ta Gana wadda mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa. Ni kuwa ina amsawa sama-sama.

Sanyi ya shigo a tsakiyar Nuwamba. Wata safiya na fito na tarar gilashin mota ya daskare. Na kankare shi, na kunna hita kamar yadda Baba ya nuna mini, na murɗa har ƙarshen ja. Fanka tana hurawa da ƙarfi, amma iskar da take fitowa kamar numfashin mutum, ɗumi kaɗan. Da muka hau babban titi na ƙara gudu, ɗan ɗumin ma ya ɗauke. Gilashi ya yi ta yin hazo, ina tuƙi da hannu ɗaya ina gogewa da ɗayan.

Tafiya da sauƙi. Dawowa ce matsalar. Wanda aka yi wa wankin ƙoda yana fitowa jikinsa a sanyaye, ko a ɗaki mai ɗumi sai ya nemi bargo. Baba ya zauna a gefena ya cusa hannuwa a hammata, haƙoransa suna haɗuwa. Da muka kusa gida ya dube ni.

"Sanusi, motar nan da tana gasa mutum. Bara har taga nake buɗewa."

Na ce zan duba.

Hajiya ce ta buɗe mana ƙofa. Ta taɓa hannunsa ta ce, "Inna lillahi! A firji ka ɗauko shi?" Ta juyo kaina. "Me ya sami hitar?"

Gaskiya a lokacin ban sani ba. Da na ce ban sani ba, da magana ta ƙare. Amma wanda ake nuna wa baƙi a matsayin bakanike, yaya zai buɗe baki ya ce bai sani ba? Sai na ji bakina yana cewa, "To, ni dai lafiya lau na san ta, sai bayan da aka kai ta Tottenham. Ban san irin ruwan da ya zuba mata ba."

Hajiya ta ce, "Isaka?"

Na ɗaga kafaɗa. Abin da na yi ke nan, ɗaga kafaɗa.

Sati guda na yi ina bin motar. Na fara da ruwa, na buɗe murfi da safe inji yana sanyi, ruwa yana daidai layinsa. Na leƙa ƙarƙashi ko tana ɗiga, ƙasa a bushe. Na duba fiyus, na saurari fanka a kowane mataki, duk lafiya. Na kalli bidiyo a waya, suka ce wataƙila iska ce ta shiga cikin ruwan, na ɗaga gaban motar a kan dakalin titi na bar ta tana aiki ina matsa tiyo har yatsuna suka daina ji. Suka ce akwai wani ƙaramin lagireto a bayan dashbod, shi ne yake ɗumama iskar, yana iya toshewa. A ranar na fara sanin da shi. Na cire tiyoyinsa biyu na hura masa ruwa da tiyon ban ruwan fulawar Hajiya, ruwa ya fita tas. Na kwanta a ƙasan sitiyari da tocila ina murɗa maɓallin zafi ina kallon ɗan murfin da ke juya iska, yana buɗewa yana rufewa yadda ya kamata.

Kullum Hajiya tana kallona ta tagar falo, ta aiko mini da shayi. Kullum na shigo ta ce, "Yaya?" in ce, "Ana nan ana fama, ɓarnar tana da yawa."

Ranar Asabar ina cin abinci na jiyo ta a kicin tana waya. Ba ta ɗaga murya ba, Hajiya ba ta ɗaga murya, amma kowace kalma tana fita da kaifinta. Ta ce shekara ashirin sun amince da shi. Ta ce ya san halin da Malam yake ciki, ya zuba musu ruwan banza don ya ga ba sa ganewa. Ta ce Allah ya kawo musu wanda ya san aiki ya tona shi. Ba ta bar shi ya yi magana ba ta kashe. Da yamma kuma na ji tana ba wata ƙawarta labarin, matar wani likita da su ma can suke kai motarsu.

Na lallashi kaina. Na ce ai wataƙila ma shi ne.

Maƙwabcinmu wani tsohon Bature ne, Mista Len, wanda ya yi rayuwarsa a masana'antar mota ta garin kafin a sallame su. Tunda na zo gaisuwa kawai muke yi. Ranar Lahadi ina tsaye a kan injin, ya tako da sandarsa da ƙaramin karensa ya tsaya a gefena. Ya ce ya kwana biyu yana kallona ta taga, ya kasa haƙuri. Ya ce in tayar da ita. Bayan minti biyu kacal ya ɗora hannu a kan tiyon sama, ya kama hannuna ya ɗora.

"Ka ji? Ya fara ɗumi tun yanzu. Bai kamata ba. Ya kamata ya zauna da sanyi sai inji ya yi zafi sosai, sannan ya ɗauka lokaci ɗaya. Idan kana gudu a babban titi, ina allurar take?"

Na ce tana ƙasa, ba ta tashi.

"To injin ne ba ya yin zafi, ɗana. Hita ba ta da wutar kanta, zafin inji take ara. Tamostat ɗinka ya maƙale a buɗe. Ƙaramin aiki ne." Ya yi dariya ya ƙara da cewa, "Ko dai wani wawa ya cire shi gaba ɗaya."

Na taya shi dariya. Ya ja karensa ya tafi. Allurar nan da take kwance a ƙasa, wata huɗu ina kallonta ina jin daɗi, ina cewa aikina ne ya yi kyau.

Daga wannan Lahadin ba ni da sauran uzurin rashin sani. Abin da ya kamata shi ne in shiga falo in faɗa. Na tsaya a bakin ƙofa na jiyo Baba yana sauraron labarai, Hajiya tana yanka albasa, sai na ga kaina da jakata a tashar Stratford. Ba aiki, takarduna suna lilo, abu ɗaya da nake da shi a gidan nan shi ne an yarda na san mota. Na shiga na ce, "Na kusa gano ta."

Dabarata ita ce in sayo sabo a ɓoye in mayar, in ce na wanke ruwan Isaka ne ta gyaru. Na je wani shagon kayan mota a Barking, suka ce sai sun yi oda. Kwana huɗu na jira. Da ya zo na gwada shi a wani lungu nesa da gida, bai shiga ba, na wani injin ne. Suka ce in sake jira.

A cikin kwanakin nan sau biyar na kai Baba asibiti a cikin motar. Na sa masa bargo biyu da robar ruwan zafi. Hajiya ta ce ko a yi booking ɗin tasi, Baba ya ce a'a, ai Sanusi ya kusa gamawa, kada a karya masa gwiwa. Ina jin sa na ɗauki makulli muka fita.

Ranar Laraba ta biyu sanyin ya fi na kullum, ciyawar gefen titi duk ta yi fari har azahar. Da muka fito daga asibiti Baba yana rawar sanyi tun kafin ya zauna. A hanya ya ce, "Ba ni labarin Kano, ko na manta da jikina." Na yi ta ba shi labarin kasuwar kayan mota, da mai ƙosan da ke bakin garejinmu, ina magana ina jin ƙarar haƙoransa. Da muka iso sai da na ɗauke shi kamar yaro zuwa ciki.

Ranar Juma'a da safe zazzaɓi ya rufe shi, numfashi yana yi masa wuya. Motar asibiti ta zo ta ɗauke shi. Suka ce sanyi ne ya kama masa huhu, suka kwantar da shi, suka sa masa iskar numfashi. Ba likitan da ya ce mota ce ta jawo. 'Yarsu Zainab da ta zo daga Leeds, ita ma ma'aikaciyar lafiya ce, ta ce da Turanci masu ciwon ƙoda suna yawan kamuwa da wannan a lokacin sanyi. Na ji ta. Amma ni na san a cikin me na riƙa ɗaukar sa, kuma na san tun yaushe na sani.

A barandar asibitin Hajiya ta ce, "Idan wani abu ya sami Malam, ni da Isaka sai a gaban Allah."

Washegari da safe na ɗauki motar na nufi Tottenham.

Garejin Masta Isaka a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa yake, duk bayan 'yan mintuna rufin yana girgiza. Da ya ga jar motar ya ajiye abin da ke hannunsa. Na yi sallama, ya amsa a taƙaice.

"Hajiya ya aiko ka?"

Na ce a'a, ni na kawo kaina. Na ce Baba yana asibiti.

Ya yi salati, ya tambayi jikinsa sosai. Sannan ya ce, "Hajiya ya kira ni ya wanke ni tas. Matan likita ma ya ɗauke motansa ya kai wani wuri. Ni ruwan da nake zuba ma kowa shi na zuba. Buɗe mu gani."

Na zo da niyyar faɗa tun daga bakin ƙofa, amma na fasa. Na tsaya ina kallo ya tayar da ita, ya taɓa tiyon nan kamar yadda Mista Len ya yi, ya kashe, ya tara roba ya zubar da ruwa, ya kwance ƙusoshi biyu. Ya ɗaga murfin ya leƙa. Ya zura yatsa cikin ramin ya juya. Jirgi ya wuce a samanmu, sai da ƙarar ta lafa ya ɗago.

"Ba komai a ciki."

Na ce, "Ni na cire, Masta. Tun watan Yuli."

"Ka san shi ne, lokacin da ka ce ma Hajiya ni ne?"

"Lokacin ban sani ba. Amma yau kwana goma sha uku da na sani."

Ya goge yatsansa da tsumma a hankali. Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Cirewa ba komai ba ne, mu ma a Kumasi muna cirewa. Wanda bai taɓa ganin ƙanƙara ba, ina zai sani? Amma kwana goma sha uku, ƙanena. Tsoho mai ciwo."



Ya shiga ciki ya yi waya, cikin awa ɗaya aka kawo wanda ya dace. Ya miƙo mini shi da sifana. "Hannun da ya cire shi zai mayar." Ya tsaya a kaina yana nuna mini: sifirin ya kalli inji, ɗan ramin iska ya kalli sama, kada in matse ƙusa da yawa. Ya nuna mini wata 'yar ƙusar fitar da iska da ban san da ita ba, muka zuba ruwa har ya daina kumfa. Muka tayar da ita muka jira. Tiyon sama ya zauna da sanyi, allura ta tashi a hankali ta tsaya a tsakiya, sai tiyon ya ɗauki zafi lokaci ɗaya a cikin tafina. Na zura hannu ta taga. Iskar da ta bugi yatsuna har ƙuna take yi. Aikin duka bai kai minti arba'in ba.

Ya buɗe kular abincinsa, shinkafa da wake irin nasu da baƙin yaji, ya raba biyu ya turo mini rabi. Na ce na ƙoshi. Ya ce, "Ci. Kana da magana mai nauyi a gabanka." Da zan tafi ya ce, "Ni ba zan kira Hajiya ba. Ba ni na ɓata ba, ba ni zan gyara ba."

Kwana uku bayan nan aka cire wa Baba abin numfashi. Na same shi shi kaɗai da rana, ya rame, muryar nan tasa ta koma ƙarama. Na durƙusa a gefen gadon na faɗa masa komai, tun daga Yuli har Tottenham. Ya rufe ido yana saurare, har na zaci barci ya ɗauke shi.

Ya ce, "Da ka faɗa mini ranar da ka gane, me kake tsammani zan yi?"

Na ce na ji tsoron a ce in bar gidan.

"Don ka cire ƙarfe?" Ya yi tari ya huta. "Ni ban ɗauko ka don mota ba, Sanusi. Hausa na ji a bakinka a bakin titi, na ga yunwa a fuskarka. Ashe duk zaman nan kallon masu haya kake yi mana." Ya juya fuskarsa bango. "Nawa na yafe. Na Isaka ba nawa ba ne. Ka je ka gaya wa Hajiya, kuma kada ka rage komai."

A kicin na same ta da la'asar. Ban rage komai ba. Ta saurare ni tana riƙe da murfin tukunya. Da na gama ta ce, "Kana zaune a wurin nan na kira shi. Kana cin abinci." Na ce haka ne. Ta rufe tukunyar ta haye sama.

Kwana shida ba ta yi mini magana ba. Ba ta kore ni ba, ba ta fasa ajiye mini abinci ba, sai dai in tarar da shi a rufe a kan tebur. Idan na gaishe ta ta amsa ba tare da ta dube ni ba. Asibiti a bas take zuwa. Na haɗa kayana a jaka na tura ƙarƙashin gado ina jira. A cikin kwanakin ne na kira Rabi daga ɗakina, na gaya mata ba ni da aiki tun da na zo. Ta yi kuka, ta ce ta daɗe da zargin haka.

Ran na bakwai na sauko na tarar Hajiya ta yi shiri da mayafinta na fita unguwa, ga babbar kula biyu a ƙofa. Ta miƙo mini makulli ta wuce ta zauna a bayan mota. Sai da na tayar ta ce wa gilashin gabanta, "Tottenham."

Masta Isaka yana ƙarƙashin wata mota muka isa. Ya fito yana goge hannu, ya ga Hajiya, ya rasa inda zai sa kansa. Akwai masu jiran mota biyu a wurin. A gabansu Hajiya Binta, mai jikoki, wadda gwiwa take damunta, ta dafa bango ta rusuna a kan simintin nan mai baƙin mai.

"Isaka, na zo neman gafara. Na zage ka a kan abin da ba ka yi ba, na kai sunanka inda bai kamata ba. Na kira matar likita na warware, na kira duk wanda na gaya wa. Ka yafe mini don Allah."

"Hajiya, tashi! Wallahi tashi, kai uwana ne!" Ya juyo kaina idonsa ya yi ja. "Kai, ɗaga shi mana!"

Na matsa zan kama ta, ta ɗaga mini hannu. Ba ta tashi ba sai da ya ce ya yafe har sau uku. Ko sau ɗaya ba ta ambaci sunana ba, ba ta ce yaron nan ne ya sa ni ba. Ta ɗauki laifin kamar nata ne ita kaɗai, ni kuma ina tsaye da kula biyu a hannu, ina kallon gefen zanenta yana shan baƙin mai. Na sha wulaƙanci a ƙasar nan kafin ranar da bayanta, amma ban taɓa jin na ƙanƙance kamar lokacin ba.

Muka kama hanyar dawowa. Aka fara yayyafi mai haɗe da ƙanƙara, gilashi kuwa tas, ba hazo. Ina ta jiran ta ce idan mun isa in kwashe kayana. Muka wuce Stratford, muka hau babban titi, allura tana tsaye a tsakiya. Ta madubi na ga ta sassauta mayafinta, ta goge goshi.

"Sanusi."

"Na'am, Hajiya."

"Rage zafin nan, ka dafa ni. Jibi za a sallami Babanku, ka wanke motar ka sa masa filo a gaba."

Na ce to. Na miƙa hannu na rage.